Mu Daina Huda Bayan Kunkuru

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi amfani da wannan fili in yi magana a madadin wata dabba wadda ba ta da bakin kai ƙara. Akuya in ta ji wuya takan yi kuka har maƙwabta su fito, kare yakan yi haushi, jaki kuwa ba a ma maganarsa. Amma kunkuru, kome azabar da aka gana masa, iyakarsa ya ja kai da ƙafafu ciki ya yi shiru. Wannan shirun nasa shi ya sa mutane da yawa suke tsammani ba ya jin kome, musamman a ƙoƙon nan na bayansa. Saboda haka sai ka ga an huda gefen ƙoƙon an zura igiya an ɗaure shi a turke, ko an shafe shi da fenti, ko an zana sunan mai shi da ƙusa, ko kuwa an mulke shi da mai don ya yi sheƙi. Ni dai a ra'ayina duk waɗannan abubuwa cuta ce, ko da mai yin su yana ganin gata yake yi. Duk wanda ya ajiye kunkuru a gida ya ɗauki amana, kuma babban sashen amanar shi ne ya bar ƙoƙon yadda Allah ya halicce shi, sa'an nan ya ba dabbar abin da ƙoƙon yake bukata don ya yi ƙwari.

Ajiye kunkuru a gida ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wani a gona ya tsince shi da damina ya kawo wa yara, wani a kasuwa ya saya, wani kuwa tashi ya yi ya tarar da shi a gidansu tun zamanin kakansa. Kunkuru iri-iri ne, amma biyu nake so mu riƙe a rai. Na farko shi ne babban nan mai launin rairayi, mai ƙayoyi a cinyoyinsa na baya, wanda yake zaune a gefen hamada tun daga Senegal, ya biyo ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har zuwa Sudan da Habasha. Shi ne na uku wajen girma a duniya, ba wanda ya fi shi sai na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra. Babban namiji yakan wuce kilo 50, har an taɓa samun wanda ya kai kilo 100. Na biyu shi ne ƙaramin nan da tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, mai gaɓa a wajen ƙarshen ƙoƙonsa, wanda in ya tsorata yakan sauke bayan ƙoƙon ya rufe ƙafafun baya da wutsiya kamar an tura ƙyaure. Kififfiya kuwa, wadda take zaune a ruwa, ita dabam ce, ba da ita nake ba.

Asalin matsalar shi ne yadda mutane suka ɗauki ƙoƙon. Ana ganinsa kamar wata ƙwarya ce da kunkuru ya kifa a baya, ko ɗaki da yake yawo da shi. Waɗanda suka karanta littafin Chinua Achebe mai suna Things Fall Apart, wanda aka fara bugawa a 1958, za su tuna da tatsuniyar kunkurun da ya bi tsuntsaye cin biki a sama, ya faɗo ƙoƙonsa ya tarwatse, wani boka ya tattara ya liƙe masa, wai shi ya sa har yau bayansa yake da tsage-tsage. Tatsuniyar tana da daɗi, amma gaskiyar magana ita ce ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai. In aka haɗa rufin sama da allon da yake rufe ciki daga ƙasa, ƙasusuwa wajen 60 ne suka haɗu suka yi shi. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa suna cikin rufin nan, sun baje sun manne da juna, lakarsa kuma tana bi ta tsakiyarsa daga ciki. Saboda haka kunkuru ba ya iya fita daga ƙoƙonsa, kamar yadda ni da kai ba mu iya tuɓe haƙarƙarinmu mu rataye a ƙofa.

A kan ƙashin akwai wata siririyar fata mai jini da jijiyoyi, a kan fatar kuma sai ɓawon nan mai gida-gida da muke gani daga waje. Wanda ya ƙirga zai sami manyan gidaje 13 a tsakiya, watau 5 a jere bisa gadon baya da 4 a kowane gefe, sa'an nan ƙanana sun kewaye baki. An yi ɓawon ne da irin abin da aka yi farcenmu da ƙahon saniya da kofaton doki, wanda masana suke kira keratin. Kowa ya san in ka yanke bakin farce ba ka jin zafi, amma in ƙyaure ya datse maka tsakiyarsa sai ka yi ihu, domin akwai tsoka mai rai a ƙarƙashi. To, ɓawon kunkuru duk irin wannan tsakiyar farcen ne, ba shi da wani baki da ya yi tsiri a banza. Mai so ya tabbatar sai ya shafa bayan kunkurun da ya saba da shi da yatsa a hankali, zai ga ya tsaya ko ya motsa, alamar ya ji.

Akwai wani abu kuma da ya kamata yara su sani. Huhun kunkuru yana can sama, daf da rufin ƙoƙon daga ciki. Tun da haƙarƙarinsa ba ya motsi kamar namu, da wasu tsokoki na kusa da ƙafafu yake jan numfashi. Shi ya sa in aka juya shi ya koma rigingine, kayan cikinsa sukan danne huhun, in kuwa cikin rana ne kuma ya kasa juyawa, yana iya mutuwa a nan. Shi ya sa kuma faɗuwa daga hannun yaro ko daga kan dakali babban haɗari ne gare shi, domin tsagar da za ta buɗe a rufin tana iya kaiwa ga huhu. Wasan da ake yi na juya shi ana dariya, ko hawa bayansa kamar jaki, ko ƙwanƙwasa shi da sanda don ya fito da kai, duk ya kamata iyaye su hana. In ɗaukarsa ta zama dole, a sa hannu biyu a tallafe shi daga ƙasa, kada a yi sama da shi sosai, kada kuma a jima. Kunkuru yakan tara ruwa a mafitsararsa saboda lokacin rani, in ya firgita sai ya zubar da shi, ka ga an jawo masa hasara.

To, yanzu mu dubi hudar da ake yi. Mai hudawa yakan ce ai gefe ne kawai, kamar yankan farce ne. Mun riga mun ga ba haka ba ne. Gefen ma akwai ƙashi a cikinsa. Ƙusa ko basillar da aka sa a wuta tana ratsa ɓawo, ta ratsa fata mai jijiya, ta ratsa ƙashi, ramin da ta bari kuwa ya zama ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Bayan haka kunkuru dabba ce mai naci, ba ya gane ma'anar igiya. In ya nufi wuri sai ya yi ta ja, igiya ko wayar tana cin ramin a hankali, har wata rana gefen ya ɓalle, a sake huda wani wurin. Igiyar kuma tana iya naɗe masa ƙafa ko wuya, ko ta tsare shi cikin rana bayan inuwar da aka ɗaure shi a ciki ta gusa.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun huda nasu, ya kuma yi shekara da shekaru bai mutu ba. Amsata ita ce, rashin mutuwa ba shi ne lafiya ba. Kunkuru yana da jimiri ƙwarai, kome nasa a hankali yake tafiya, har ciwonsa da mutuwarsa. Ban da haka, waɗanda suka rayu kaɗai muke ƙirgawa, ba wanda ya ƙirga waɗanda suka mutu aka jefar a juji. Ni ban ce kakanninmu mugunta suka yi ba. Rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu, kuma ba su kaɗai ba ne a cikinsa. A Ingila ma, zamanin da ake shigo da kunkuru dubbai daga ƙasashen bakin Bahar Rum ana sayarwa, kafin a hana wannan ciniki a 1984, huda ƙoƙo a ɗaure a lambu abu ne da aka saba. Da ilmi ya zo musu sai suka bari, har ya zama likitocin dabbobinsu zalunci suke ɗaukarsa. Mu ma tun da ilmin ya iso mana, ba mu da sauran hujja.

Wani kuma zai ce, in ba a ɗaure shi ba ai sai ya ɓace. Wannan gaskiya ne, kunkuru ya iya sulalewa, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Maganin abin shi ne a kewaye masa wuri maimakon a ɗaure shi. A gina 'yar katanga ta ƙasa ko ta bulo wadda ba zai ga waje ta cikinta ba, domin in yana hangen waje ta raga ko ta zana mai ɓula sai ya yi ta turawa yana goge ƙoƙonsa. Tsayinta ya fi tsawonsa in ya miƙe tsaye, a kuma binne gindinta sosai, saboda babban nan gwanin haƙa ne. Daɓen wurin ya zama ƙasa. Siminti yana cin allon ciki kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa, ga shi kuma yana ɗaukar zafi da tsakar rana. A tabbata akwai sashen rana da sashen inuwa kullum, akwai kuma 'yar bukka ko rami inda zai ɓuya. A nisanta shi daga rijiya da kwata da murhu, daga kare da gafiya kuma, waɗanda suke gaigayar ƙoƙon ƙananan kunkuru kamar ƙashin miya. Wanda ba shi da filin da zai yi wannan, to, a ganina ba shi da wurin ajiye kunkuru.

Sai maganar fenti da jan farce da zane-zane. Ƙoƙon kunkuru yana girma ne daga tsage-tsagen nan da suke tsakanin gida da gida. Wanda ya lura da ƙaramin kunkuru mai ƙoshin lafiya zai ga wani siririn layi fari-fari a wurin, sabon ɓawo ke nan yake fitowa, kuma shi ne sashe mafi laushi. Fenti yana rufe wannan wuri, magungunan da suke cikinsa kuma ba don jikin mai rai aka yi su ba. Na biyu, kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, da rana yake dogara, launin bayansa kuwa yana cikin abin da yake ƙayyade yawan zafin da yake ɗauka. Na uku, fenti yana ɓoye tabon cuta har sai ta yi nisa. Na huɗu, launin rairayin nan shi ne sulken da yake ɓoye shi daga abokan gaba. In alama ake so don a gane shi ran da ya ɓace, ai yanzu kusan kowane gida akwai wayar ɗaukar hoto. A ɗauki hoton bayansa da na cikinsa a ajiye, ya wadatar.

Shafa mai kuwa da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mun saba da hunturu muna shafa man kaɗanya ko basilin don kada ƙafa ta yi faso, sai mutum ya ga bayan kunkuru ya yi fururu ya ce bari shi ma a taimake shi. Amma mai a kan ɓawo zama yake yi kawai, ya kama ƙura da datti, ya cika tsage-tsagen da su, ya yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa. Baƙin mai na mota kuwa guba ne tsantsa. Kunkurun daji bayansa da ƙura yake, ba ya sheƙi, kuma haka lafiyarsa take. Haka nan kada a kankare shi da wuƙa ko a goge shi da soson ƙarfe, kada kuma a ɓamɓare ɓawon da aka ga ya ɗan ɗaga, kada garin neman gira a rasa ido. In ya yi dauɗa sosai, ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, ba sabulu, ba omo. A sa shi a faranti mai faɗi, ruwan kada ya wuce haɓarsa, a tsaya a kansa kamar minti 15 zuwa 20, sa'an nan a fid da shi ya bushe. Sau da yawa a nan ne zai sha ruwa ya ƙoshi. Kada a manta kunkurun tudu ba kififfiya ba ne, bai iya iyo ba, wanda ya jefa shi cikin randa ko kududdufi ya kashe shi.

In duk an bar waɗannan, to, me za a yi wa ƙoƙon? A nan ne nake ganin mutane suka juya abin baibai. Kyan ƙoƙo daga ciki yake fitowa, kuma abu uku ne suke gina shi, watau rana da abinci da laima. Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam, jiki kuwa ba ya iya ɗaukar kalsiyam daga abinci sai da bitamin D, wanda fatar kunkuru take yi in wani sashe na hasken rana, wanda ido ba ya gani, ya taɓa ta. Gilashin taga yana tare wannan sashe. Saboda haka kunkurun da aka kulle a ɗaki ko a kwali, ko a bayan gilashi, ƙoƙonsa yakan yi laushi ya lanƙwashe, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Mu da Allah ya hore mana rana kyauta, abin kunya ne kunkuru ya kamu da wannan cuta a gidanmu. Sai dai ya zama shi yake zaɓar lokacin shan ranar da lokacin komawa inuwa, domin zafin bazara yana kashe shi cikin ɗan lokaci in ba shi da mafaka.

Wajen abinci, babban kunkurun nan makiyayi ne kamar tunkiya. Yawancin cimarsa ciyawa ce, irin su gude-gude da harkiya da kiri-kiri da burburwa, ɗanya da damina, busasshiya da rani. Ana iya ƙara masa ganyen kabewa da na zogale da na rama kaɗan-kaɗan. Tuwo da shinkafa da burodi da nama da madara, waɗanda ake zuba masa daga ragowar kwano don tausayi, cikinsa ba na su ba ne. Suna sa shi girman gaggawa ba tare da ƙashi ya yi ƙwari ba, nama kuma yana wahalar da ƙodarsa. 'Ya'yan itace masu zaƙi ma sai jefi-jefi. Ƙaramin nan mai gaɓa shi kam ban da ganye yana cin dodon koɗi da ƙwari da 'ya'yan itacen da suka faɗo, saboda haka wajibi ne mutum ya san irin wanda yake hannunsa. Don ƙarin kalsiyam, a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a riƙa barbaɗa kaɗan a kan ganye sau biyu ko uku a mako. A kuma cire tumfafiya da zaƙami da zurma daga wurin da yake, a guji ciyawar da aka fesa wa magani.

Laima ita ce wadda aka fi mantawa, domin ana ganin dabbar hamada ba ruwanta da ruwa. Alhali kuwa a daji babban kunkuru yakan haƙa rami mai zurfi ya shige lokacin zafi, cikin ramin kuwa akwai sanyi da laima, 'ya'yansa ma da damina suke ƙyanƙyashewa su fito. Wataƙila wasunku sun taɓa ganin kunkurun gida wanda kowane gida na bayansa ya yi tsiri kamar dala, har ana cewa ado ne. Nakasa ce, kuma in ta kama ba ta komawa. A 2003 wasu masana biyu na jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da 'ya'yan wannan kunkuru guda 50, waɗanda suka rena wata 5 cikin yanayi dabam-dabam. Suka tarar waɗanda aka rena a busasshiyar iska su ne bayansu ya fi yin tsiri. Darasin da yake nan gare mu a fili yake. Da hunturu, sa'ad da iska take busar da kome, a riƙa sa ƙaramin kunkuru cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi akai-akai, a ɗan yayyafa wa ƙasar maɓuyarsa ruwa, a zuba masa busasshiyar ciyawa saboda sanyin dare. Da damina kuwa a kula kada ya kwana cikin taɓo da kashinsa, domin wannan shi yake kawo ruɓewar allon ciki. Ruwan sha dai ya kasance a gabansa kullum cikin kasko marar zurfi.

Duk da kulawa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya kamata mai kunkuru ya riƙa duba shi sama da ƙasa ko sau ɗaya a mako. Tabo mai laushi, ko fari ko ja-ja, ko wari, ko ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin ɓawo, duk alamun ruɓa ne. In kuwa ƙoƙon ya tsage saboda faɗuwa ko cizon kare ko fartanya, a ɗauke shi kamar karayar ƙashi mai buɗaɗɗen rauni, domin shi ne. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko toka, kada a cika tsagar da gam ko siminti, domin rufe datti ke nan a cikin jiki. A wanke da tafasasshen ruwa wanda ya huce, mai ɗan gishiri, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda kada su sa tsutsa, a bar guntun da ya karye a wurinsa, a nufi asibitin dabbobi. Ƙoƙon yana warkewa, amma yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. In an ga kaska a hammatarsa ko gindin wutsiya, a cire da hantsaki a hankali. A nan ina jan kunnen iyayenmu masu kiwo: allurar nan ta ibamektin da ake yi wa shanu da tumaki saboda kaska da tsutsar ciki guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki har ta kashe shi.

Kiyaye ƙoƙon kunkuru kiyaye lafiyarmu ne kuma. Kunkuru mai ƙoshin lafiya ma yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, ta fito cikin kashi ta shafi ƙoƙo da ƙafafu. In ta shiga cikin mutum tana kawo zawo da zazzaɓi, ta fi kuma yi wa jarirai da tsofaffi illa. Saboda yawan yaran da suke kamuwa da ita ne gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da kififfiya waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, a 1975. Don haka duk wanda ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu, kada a bar shi yana yawo a madafa ko kusa da tabarmar jariri, farantinsa da buroshinsa kuma su zama nasa shi kaɗai. Ka ga rage taɓa shi da wasa da shi riba biyu ke nan.

Daga ƙarshe ina so mu yi tunani a kan tsawon wannan amana. A watan Oktoba na 2019 wani kunkuru mai suna Alagba ya mutu a fadar Soun na Ogbomosho a Jihar Oyo, mutanen fada suka ce shekararsa 344, ko da yake masana sun ce da wuya irinsa ya kai haka. A tsibirin Sent Helena kuwa, a 2022 aka yi bikin cikar wani kunkuru mai suna Jonathan shekara 190 bisa ƙiyasi, wanda aka kai can tun 1882 yana babba. Babban kunkurunmu yana iya wuce shekara 70. Ashe ke nan ramin da yaro ya huda yau da wasa, kunkurun zai ɗauke shi har yaron ya yi furfura. Ga shi kuma irinsa yana ƙarewa a daji saboda faɗaɗa gonaki da yawan kiwo da ƙonar daji da kamawa, alhali macen takan yi shekaru da yawa kafin ta fara ƙwai. Ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Washinton a 1973 kan cinikin namun daji, wadda Nijeriya da Nijar suke ciki, an hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don ciniki tun daga 2000. A 2021 kuma ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da suke cikin haɗari, ta sa shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu muka ci karo da kunkuru a gona ko a daji, mu kalle shi mu bar shi ya wuce, can ne gidansa. Wanda yake da shi a gida kuma ya ga ba zai iya ba, ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji ko na gidan namun daji, maimakon ya yar da shi a bayan gari inda bai san hanyar rayuwa ba. Wanda kuwa zai ci gaba da riƙewa, ya kwance igiyar nan yau, ya kewaye masa wuri, ya ajiye gwangwanin fenti da kwalbar mai. Duk mun ji a darasin addini labarin matar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In haka hukuncin tsare kyanwa yake, ya kamata mai huda ƙashin dabba da ranta ya ɗaure ta a rana ya ji tsoro. Ina roƙon iyayenmu su sa baki, domin magana ɗaya daga bakin maigida ta fi dogon rubutun ɗalibi. Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da yake ƙarƙashinmu, amin.